Budurwar da ta daina cin abinci likita take buƙata, ba bulala ba

Akwai maganar da na gaji da ji daga bakin iyaye, har da wasu ma'aikatan lafiya: wai cutar ƙin cin abinci ta 'ya'yan Turawa ce, mu nan da ake fafutukar abin sawa a bakin salati wa zai ga tuwo ya kau da kai? Da wannan magana ake rufe bakin duk wanda ya lura da yarinyar da ke ramewa a tsakar gida. Hanyar kusan ɗaya ce kullum. 'Yar shekara 15 ko 17 ta fara tsakurar abinci, ta ce ta ƙoshi, ta ce cikinta na kumbura. A ce ulsa ce, a aika kemis. Shiru ba sauƙi, a ce taifot ne, a yi ƙarin ruwa da allurai. Daga nan sai zancen sammu da aljanu. Kafin wani ya tuna da likitan ƙwaƙwalwa, al'adarta ta ɗauke wata da watanni, gashinta na zuba, tana rawar sanyi ana tsakiyar bazara.

Wannan cuta sunanta anoreksiya, kuma tun 1873 likita William Gull ya raɗa mata shi a Landan. Masu cewa irin waɗannan matsalolin cin abinci ba sa kama mutanen da ke son mace mai jiki su dubi tsibiran Fiji, inda ƙiba ta kasance ado kamar yadda take a wurinmu. Talabijin ya isa yankin Nadroga na Fiji a 1995. Da mai bincike Anne Becker ta sake bincikar 'yan matan makaranta a 1998, kusan kashi 11 cikin ɗari sun ce suna jawo wa kansu amai don kada su yi ƙiba, alhali a binciken farko babu ko ɗaya. Shekara uku ke nan kacal, kuma talabijin ne, ba wayar da 'yarka ke kwana da ita tana kallon TikTok ba. Wani zai ce ai tasa 'yar ba ta taɓa cewa tana tsoron ƙiba ba. Wannan bai kore komai ba. Likita Sing Lee ya nuna a Hong Kong cewa da yawa daga masu cutar ba sa ambaton ƙiba sam, kukan kumburin ciki da rashin sha'awar abinci suke yi. Ashe abin da muke kira ulsa a gurguje yana iya zama ita ce. Dalilanta sun haɗa da gado, damuwa, tsangwama a kan siffar jiki da halin son komai ya cika cif, kuma maza ma tana kama su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin da gida ke yankewa da kansa. Na farko ɗure: a zaunar da yarinya gaban kwanon tuwo da bulala a hannu, a ce sai ta cinye. Ku saurara da kyau, wannan yana iya kisa. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, idan aka auka masa abinci mai yawa lokaci guda, sinadaran da zuciya ke dogaro da su, musamman fosfet da fotasiyam, sukan faɗi ƙasa warwas a cikin jini, bugun zuciya ya rikice cikin 'yan kwanaki. An ga haka a fursunonin da aka 'yanto bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka tsira daga yunwa sannan suka mutu bayan an ciyar da su. Shi ya sa wadda ta rame sosai a asibiti ake dawo mata da abinci, kaɗan-kaɗan, ana gwada jini. Na biyu kuwa ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda ake sayarwa kamar gyaɗa ba tare da takardar likita ba. Galibi akwai dexamethasone a ciki. Kumatu za su cika, uwa ta ce alhamdu lillahi, alhali ruwa da kitse ne suka taru, sukarin jini ya hau, garkuwar jiki ta yi rauni, ƙashin da yunwa ta riga ta ci ya ƙara lalacewa. Mai kemis ɗin da ya miƙa wa yarinya wannan ƙwaya ba taimakonta ya yi ba, kuma hukumomin da suka zuba ido suna da nasu alhakin.

Ba na hana kowa addu'a, a yi ta dare da rana. Amma addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma anoreksiya na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kashe masu su, ta hanyar bugun zuciya ko mutum ya hallaka kansa. Iyaye su kuma lura da azumin nafila da ya wuce ƙa'ida. Litinin da Alhamis alheri ne, amma yarinyar da ke ramewa, kullum tana azumi, in an sha ruwa ta tsaya a dabino ɗaya, cutar ce ta sami mafaka. Haka wadda ke ci da yawa sannan ta faɗa banɗaki don ta amayar, ko ta liƙe wa shayin rage tumbi. Wannan bulimiya ce, kuma jikinta yana iya zama daidai a ido.

A fara da babban asibiti don a tabbatar ba tarin fuka, ciwon sukari ko wata cuta ce ke ramar da ita ba. In gwaji bai nuna komai ba, ku nemi a tura ku sashen likitocin ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware. Maganin da ya fi yi wa matasa aiki, wanda aka samar a asibitin Maudsley na Landan, iyaye ne ginshiƙinsa: su zauna da 'yarsu a kowane cin abinci, da tsayuwar daka amma ba zagi, bisa tsarin da likita ya gindaya. A kuma ja kunnen gwaggo da inna su daina yi mata sharhi a kan jikinta, ko yabo ko suka. Idan kuwa ta suma, ko ƙirjinta na ciwo, ko ta fara zancen gara ta mutu, a kai ta sashen gaggawa a ranar.