Darasi na Tara: Sadar da Intanet ta Wayar Lantarkin Gida

9.0 Gabatarwa

Wannan darasi yana cikin jerin darussan da aka tanada domin horar da ɗalibi yadda ake bayyana al'amuran kimiyya da fasaha da Hausa. Abin da za a duba shi ne wata 'yar na'ura da ake cusawa a soket, wadda ke mayar da wayar lantarkin gida ta zama hanyar isar da intanet daga ɗaki zuwa ɗaki. Tun da farko ya kamata ɗalibi ya lura da kalmar "waya". Kalmar aro ce daga Ingilishi, kuma ma'anarta ta asali ita ce zaren ƙarfe. Daga baya ta yaɗu ta ɗauki ma'anar telegiram, sannan tarho, har ta kai ga wayar hannu wadda ba ta da zaren ƙarfe ko ɗaya. A cikin wannan darasi ma'anar farko ake nufi.

9.1 Yadda Na'urar ke Aiki

Wutar da ke shiga gidaje a Nijeriya da Nijar tana kaɗawa ne sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato haz 50. A Amurka haz 60 ne. Wannan kaɗawa ba ta cinye duk abin da wayar tagulla ke iya ɗauka ba. Saboda haka ana iya ɗora mata wata sigina mai rauni amma mai saurin kaɗawa ƙwarai, daga wajen megahaz 2 zuwa 30, ba tare da ta hana fitila ko firji aiki ba. Megahaz ɗaya kaɗawa miliyan ɗaya ke nan a daƙiƙa.

Na'urar ba ta aiki ita kaɗai, sai da 'yar'uwarta. Ana cusa ta farko a soket kusa da rawuta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, a haɗa su da kebul. Ta biyu kuma a cusa ta a ɗakin da ake bukatar intanet ɗin, a haɗa ta da kwamfuta ko talabijin. Wasu suna da Wi-Fi a jikinsu. Amfaninta yakan fito fili a gida mai bene ko mai kaurin bango, inda siginar Wi-Fi ke raunana kafin ta kai ƙuryar gida, kuma mai gida ba ya son a fasa masa bango domin jan sabon kebul.

Wayar lantarki ba don saƙo aka yi ta ba, cike take da hayaniya. Dabarar da aka yi ita ce a rarraba saƙon a kan ƙananan hanyoyi fiye da 900, kowace da nata zangon kaɗawa. Na'urorin biyu suna gwada hanyoyin a kai a kai. Wadda ta yi tsit a ɗora mata kaya da yawa, wadda hayaniya ta cika a rage mata ko a bar ta. Madugu ma haka yake yi wa jakunan ayari.

9.2 Taƙaitaccen Tarihi

A 1975 wani kamfani a Sikotilan mai suna Pico Electronics ya ƙirƙiro tsarin X10, wanda ke aika umarnin kunna fitila ko kashe ta ta wayar gida. A 2000 wasu kamfanoni suka kafa ƙungiyar HomePlug, suka fitar da ƙa'idarsu ta farko a 2001 mai gudun megabit 14 a daƙiƙa. HomePlug AV ta biyo baya a 2005 da megabit 200, sannan AV2 a 2012, wadda ta faɗaɗa zango zuwa megahaz 86, ta kuma shigar da wayar ƙasa cikin aikin. Ƙungiyar ta naɗe tabarmarta a 2016, amma ba a daina sayar da na'urorin ba. Akwai kuma wata ƙa'ida dabam mai suna G.hn ta Hukumar Sadarwa ta Duniya. Na'urar G.hn ba ta jin yaren ta HomePlug, don haka mai saye ya duba kwali kafin ya biya kuɗi. Adadin gudun da aka rubuta a kwalin kuwa, na talla ne. Abin da ake samu a gida sau da yawa ba ya kai rabinsa.

9.3 Tsaro

Sigina ba ta san iyakar gida ba, iyakar waya ta sani. Mitar wuta ba a yi ta don tare sigina ba, kuma ba kullum take tarewa ba. Taransifoma ce ke kashe mafi yawanta. Ke nan a gidan haya inda ɗakuna goma ke shan wuta daga mita ɗaya, duk soket ɗin da ke gidan ƙofa ce.

Masu ƙera na'urar sun san da haka, shi ya sa ake kulle saƙon da ke bin wayar. Ƙa'idar 2001 ta yi amfani da makulli na DES mai bit 56, wanda yanzu ba a ɗauke shi da ƙarfi ba. Daga 2005 aka koma AES mai bit 128, wanda yake da ƙarfi sosai. Matsalar ba a ƙarfin kwaɗon take ba, a mabuɗin take. Domin na'urori su gane juna da zarar an cusa su, yawancinsu suna fitowa daga masana'anta da kalmar sirri iri ɗaya, wato HomePlugAV. Idan maƙwabci ya sayo irinta ya cusa, na'urarsa na iya shiga cikin taron ba tare da ya yi niyyar ɓarna ba. Daga nan zai riƙa shan datar da wani ya biya, kuma yana iya kaiwa ga firinta da kyamarar tsaro da fayilolin da aka bari a buɗe a kwamfuta.

Maganin ba ya cin minti biyar. Akwai maɓalli a jikin kowace na'ura. A danna na farko, a danna na biyu kafin minti biyu su cika, sai su ƙulla sabon mabuɗi a tsakaninsu. Abin takaici, da yawa ba sa dannawa, tun da intanet ta riga ta zo. Sai dai wannan sauƙi yana da nasa haɗari: duk wanda hannunsa ya kai ga maɓallin yana iya shigar da tasa na'urar. Bai dace a bar ɗaya a zaure ko shago ba.

9.4 Katsalandan

Katsalandan iri biyu ne: wanda ake yi wa na'urar, da wanda take yi wa wasu. Cajar waya mai arha da inbata da injin fanka ko na firji duk suna zuba hayaniya a waya. Sitabilaiza da soket mai bakuna da yawa mai kariyar hauhawar wuta sukan tace siginar su zubar, domin a wurinsu ita ma datti ce. Don haka a bango kai tsaye ake cusa na'urar. A gida mai layin wuta uku, idan ɗakunan biyu ba a layi ɗaya suke ba, gudu yakan ragu ƙwarai. Haka nan idan an ɗauke wuta, aka juya wasu ɗakuna kaɗai zuwa janareta, hanyar ta yanke ke nan.

Iri na biyu ya fi shafar Bahaushe. Wayar gida ba ta da rufin da zai tsare sigina, saboda haka takan zama eriya ta watsa ta cikin iska. Zangon da na'urar ke aiki a kai kuwa shi ne na rediyo mai gajeren zango, wato megahaz 3 zuwa 30. Mita 49 tana wajen megahaz 6, mita 16 kuma wajen megahaz 17. A kan irin waɗannan mitoci ne aka saba kama BBC, wadda ta buɗe sashen Hausa a 1957, da Muryar Jamus wadda ta buɗe nata a 1963. Siginar da ta keto dubban kilomita takan iso a raunane, ƙaramin shuu daga bango ya isa ya binne ta. A Ingila masu sha'awar aikin rediyo sun daɗe suna kai ƙara ga hukumar Ofcom a kan haka. Masu ƙera na'urar sun toshe zangunan da aka ware wa waɗannan masu sha'awa, daga baya kuma ƙa'idar Turai ta EN 50561-1 ta bukaci na'ura ta kauce wa tashar da ta ji tana watsa shiri. Ba kowace na'ura da ke kasuwa ta bi wannan ƙa'ida ba. Dattijon da rediyonsa ya fara shuu ba zai zargi soket ɗin maƙwabci ba, batir zai zarga. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a zare na'urar, a saurara.

9.5 Aiki

1. Kawo ma'anoni uku na kalmar "waya", ka sa kowace a jimla.
2. "Gajeren zango" ƙirƙira ce, "soket" kuwa aro. Tsamo ƙirƙira biyu da aro biyar daga darasin, ka nuna yadda aka hausantar da kowace kalmar aro.
3. Rubuta wa mai gidan haya wasiƙar da ba ta wuce kalmomi 150 ba, kana bayyana masa dalilin danna maɓallin na'urar.