Daga Ina Ganye Yake Samo Iskar da Muke Shaƙa?

Idan aka tambayi ɗalibin sakandare yadda tsirrai suke samar da iskar oksijin, galibi zai ce suna zuƙar iskar kabon-dayoksaid ne su juya ta ta koma oksijin. Amsar tana da daɗin ji, amma kuskure ce, kuma takan jawo asarar maki a jarrabawa. Oksijin da ganye yake fitarwa daga ruwa take fitowa.

Ga yadda aikin yake gudana. Saiwa tana tsotso ruwa daga ƙasa, ya bi ta jijiyoyin kara har ya isa ganye. A jikin ganyen, musamman ta ƙasansa, akwai ƙananan kafofi da ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girman abubuwa, kuma ta nan kabon-dayoksaid take shiga. A cikinsa kuma akwai sinadarin da ya ba shi launin kore, wato kulorofil, wanda yake kama hasken rana. Da ƙarfin wannan haske ake fasa ƙwayar ruwa, wadda ta ƙunshi haidurojin 2 da oksijin 1. Tsiro sai ya riƙe haidurojin, ya haɗa shi da kabon-dayoksaid ya yi sukari, wanda shi ne abincinsa. Oksijin kuwa rara ce, sai ta fita ta waɗancan kafofi. Ashe abin da rayuwarmu ta rataya a kansa, a wurin tsiro tamkar dusa ce a wurin mai surfe.

Masana sun daɗe kafin su gano wannan. A shekarar 1771 Joseph Priestley na ƙasar Ingila ya kunna kyandir a cikin rufaffen gilashi har ya mutu, sa'an nan ya sanya reshen na'ana'a a ciki. Bayan kwana 10 wani kyandir ya ci wuta sosai a cikin wannan iskar. A 1779 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya nuna cewa tsiro ba ya yin wannan gyara sai da hasken rana, kuma korayen sassansa ne kawai suke yi. Amma daga ina iskar take fitowa? Sai a 1941 Samuel Ruben da Martin Kamen na Jami'ar Kalifoniya a Amurka suka kawo hujja. Sun ba wata irin gansakuka ruwa mai ɗauke da oksijin mai nauyi, wadda za a iya bin sawunta, sai ga ta ta bayyana a iskar da gansakukar ta fitar. Da suka sanya alamar a ɓangaren kabon-dayoksaid, iskar ba ta bi ta ba.

Malami yana iya nuna wa ɗalibansa fitar iskar ba tare da kayan tsada ba. A ɗebo gansakuka daga kududdufi a zuba a kwalba mai ruwa, a kifa mazurarin gilashi a kanta, a kuma kifa bututun gwaji cike da ruwa a bakin mazurarin. A ajiye a rana. Ba da jimawa ba za a ga ƙananan kumfa suna tasowa, suna taruwa a saman bututun. In iskar ta taru da yawa, a kunna tsinke a hure wutar, a tura shi ciki da sauran garwashinsa. Zai ƙara haske, wani lokaci ma ya kama da wuta. Lalle ne a ajiye kwalba ta biyu a cikin duhu, domin in babu abin kwatance gwajin bai cika ba.

Kada a manta cewa tsiro ma yana numfashi dare da rana, yana amfani da oksijin wajen ƙona sukarinsa. Da rana abin da yake fitarwa ya fi wanda yake sha. Da dare fitarwar takan tsaya. Sai dai abin da bishiya take sha kaɗan ne ƙwarai, bai isa ya cutar da mai kwana a gindinta ba, don oksijin ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da ta kewaye mu. Kuma ba bishiyoyi kaɗai suke samar da ita ba: kusan rabin wadda ake samarwa a duniya kowace shekara daga teku take fitowa, daga ƙananan halittu masu kulorofil, dangin gansakukar nan ta cikin kwalba.