Darasi Ga Matasa: Turancin Jami'a Da Yadda Ake Shirya Masa

Ya ku ƴan'uwa matasa na Batsari da Safana da ƙauyukan kewaye, darasinmu na wannan fitowa ya shafi harshen Turanci, wanda yake tsaye a ƙofar kowace jami'a ta Nijeriya. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta wajabta jarrabawar Turanci a kan kowane ɗalibi, ko likitanci yake nema ko aikin gona. Ba a kuma ba da gurbi sai da kiredit a Turanci daga WAEC ko NECO ko makamantansu. In an shiga ma, akwai kwas ɗin Turanci da ke jiran kowane ɗan shekarar farko.

Jami'a ta matso kusa da mu. An kafa Jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa a Katsina a 2006, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, maƙwabciyar Safana, a 2011. Sai dai hare-haren ƴan bindiga daga dajin Rugu sun raba yara da yawa da aji, kuma bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020 gwamnati ta rufe makarantun kwana na wani lokaci. Wanda ya rasa zango biyu ko uku, sau da yawa a Turanci giɓin yake fara bayyana. Saboda haka bari mu duba abubuwa uku da za su taimaka.

1. Furuci. Hausa tana da wasula biyar, kowane da gajere da dogo, kuma kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa. Turancin Ingila kuwa yana da sautuka 44 amma haruffa 26 kaɗai, wasulansa sun kai 20. Shi ya sa kunnen Bahaushe yakan ji "cat" da "cut" da "cart" kamar abu ɗaya, bakinsa kuma yakan haɗa "pan" da "fan". Haka nan Hausa ba ta son baƙaƙe su jeru a farkon kalma, abin da ya mai da "bread" burodi ke nan. Maganin wannan shi ne yawan sauraron labaran Turanci a rediyo da maimaitawa da babbar murya, tare da koyon alamomin furuci da ke cikin ƙamus.

2. Karatu. A sakandare akan ba ka gajeren rubutu ka amsa tambayoyi. A jami'a kuwa malami zai ba ka babi guda, ya ce ka fito da hujjar marubucin, ka kuma faɗi inda ka yarda da inda ba ka yarda ba. Ka saba tun yanzu. Ka karanta shafi biyu kowace rana, ka rufe littafin, ka taƙaita abin da ka fahimta cikin jimloli uku naka na kanka. Da yayyafi kogi kan cika.

3. Rubutu. Babban tarko shi ne juya Hausa kalma da kalma. Kalmar "ji" tana ɗauke da jin magana da jin yunwa da jin ƙanshi, amma Turanci ya ware wa kowanne tasa kalma. Mu muna shan magani, Bature kuwa ba ya cewa "drink" ga ƙwaya. Ka sa kowane sakin layi ya riƙe magana ɗaya tare da misalinta. In ka ɗauko maganar wani, ka ambaci sunansa, domin kwafar rubutun wani ba tare da faɗa ba laifi ne da jami'a take hukunci a kansa.

Kada wani ya ce wannan harshe ya fi ƙarfin ɗan ƙauye. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ita ta horar da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi jawabi da Turanci a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1960, duniya ta yaba da lafazinsa. Shi ne kuma ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Ashe ƙwarewa a Turanci ba ta raba mutum da harshen uwarsa.

Iyaye, ku rage wa yaro aikin yamma ya sami sa'a guda ta karatu. Waɗanda suka riga suka shiga jami'a, in kun zo hutu ku tara ƙannenku ku koya musu.

Aikin wannan wata: ku haɗu mutum uku ko huɗu, kowa ya rubuta shafi guda da Turanci a kan kasuwar garinku, ku karanta wa juna, ku gyara wa juna. Wurin da ya gagare ku, ku kai wa malami, domin matambayi ba ya ɓata.