Kafin Ka Ce Ta Sauya Hali

Ɗana, saƙonka ya iso ni. Ka ce tun da mai ɗakinka ta gama jego ba ta dawo daidai ba: barci ba ya isarta, ana zafin bazara tana lulluɓa da bargo, gashinta na cika mataji, ta ɗora tukunya ta manta da ita, ga kuka ba gaira ba dalili. Wasu sun ce maka son jiki ne, wasu sun ce iska ce. Ka dakata tukuna.

A gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Sinadarin da take fitarwa shi ke saita saurin aikin jiki, daga bugun zuciya har zuwa ƙwaƙwalwa. Wani lokaci garkuwar jiki kan rikice ta far mata, kamar mai gadi ya juya yana dukan 'yan gida. Wani likitan Japan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana irin wannan ciwo a 1912, kuma mata ya fi kamawa. Akwai ɗan'uwansa mai tasowa cikin shekarar farko bayan haihuwa: yakan fara da faɗuwar gaba da zufa, daga baya jiki ya mutu murus. In sinadarin ya yi ƙaranci, rai ma sai ya yi nauyi, abin ya yi kama da ciwon damuwa har ba a iya rabe su da ido.

Wani nazari da mujallar JAMA Psychiatry ta buga a 2018 ya nuna damuwa ta fi yawa ga masu ciwon da Hashimoto ya bayyana. Wani da ya biyo baya a 2021 ya ce alaƙar ba ta kai ƙarfin haka ba, kuma ta fi bayyana in sinadarin ya ragu. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, a duba jini. Kada rashin kumburi a wuyanta ya ruɗe ka, ba kullum yake fitowa ba. Gishiri mai ayodin kuwa maƙoƙon ƙarancin ayodin yake hanawa, ba wannan ba.

Gwajin sunansa TSH, jini kaɗan ake ɗiba. In likita ya rubuta levothyroxine, da safe ake sha da ruwa zalla, a jira kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin koko ko shayi, a kuma raba shi da maganin ƙarin jini da awa 4. Sai an yi makonni ake ganin sauƙi, don haka kada ku ajiye shi da kanku. In jinin ya daidaita amma kukan bai tsaya ba, ko gwajin ya fito lafiya lau, to damuwar ma ciwo ce mai magani, ba raunin imani ba. A yi addu'a, a kuma ga likitan ƙwaƙwalwa.

Abu ɗaya ne ba ya jiran gobe: in ka ji ta ambaci gajiya da rayuwa, ko tana tsoron kada ta cutar da jaririn, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar. Kuma kai za ka raka ta, kada ka aika ƙaninka.