Kula da 'Yar Rediyonka Mai Memori

Idan ka sayi 'yar rediyo mai memori ko sifikar Bluetooth, yi mata caji da cajar da ta zo da ita kawai. In an ɗauke wuta, zare ta daga soket, domin wutar da ke dawowa da ƙarfi tana ƙone kaya. Kada ka yi caji a kan katifa, kada ka bar ta a rana. Batirinta ba ya shiri da zafi. Da ya kumbura, daina amfani da shi.

Sai batun kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ƙara ta wuce kashi 60 cikin 100 na iyakar ƙarfin na'urar. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, don haka ka kiyaye, musamman yara.