Yadda Ake Auna Abincin da Ke Ɓoye Cikin Lakar Bakin Teku

A gaɓar Muritaniya, tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu, inda rairayin Sahara ke gangarowa har cikin tekun Atlantika, akwai wani yanki mai suna Banc d'Arguin. Sau biyu a kowace rana ruwa kan ja da baya, ya bar filin laka da ciyawar teku mai faɗin kusan murabba'in kilomita 500, bayan 'yan sa'o'i kuma ya dawo ya shafe shi. Wanda ya hango filin daga nesa cewa zai yi fayau yake. Amma a 1980 masana daga Holan sun ƙirga tsuntsayen bakin ruwa fiye da miliyan 2 da ke zuwa yin hunturu a wurin, kuma tsuntsu ba ya zama inda babu abinci. To nawa ne abincin, kuma ta yaya ake auna abin da ke binne cikin taɓo?

Da duba wata ake fara aikin, domin cikowar ruwa da janyewarsa wata suke bi. Kowace rana janyewar kan yi jinkirin kusan minti 50 a kan ta jiya, kuma ruwa ya fi yin nisa a kwanakin tsayuwar wata da na tsakiyarsa, wajen daren sha huɗu. Saboda haka mai bincike ba shi yake zaɓar lokacin fita ba. In da asuba ruwa zai janye, da asuba za a saɓi kaya. Kuma dole ido ya kasance a kan agogo, don ruwan da ke dawowa ba ta gaba kaɗai yake zuwa ba; ta kwazazzabai yake zagayowa ya tare wa mutum hanya ta baya. A Banc d'Arguin, wadda aka killace tun 1976, masunta 'yan ƙabilar Imragen ne suka san waɗannan hanyoyin ruwa ciki da bai. Da jiragen katako da iska ke turawa suke su, domin an hana kamun kifi da jirgi mai inji a cikin gandun, kuma baƙon da ya sauka a ƙauyen Iwik don bincike ba ya raina saninsu.

Sai zaɓen inda za a haƙa, kuma a ganina nan ne gaskiyar aikin take tsayawa ko ta faɗi. In aka bar mutum da idonsa, wurin da ƙafa ba ta nutsewa zai nufa, ko inda ya ga tsuntsaye sun taru, lissafinsa kuma ya fito da son rai a ciki. Shi ya sa tun a ofis ake zana layuka a kan taswira, tsaye da kwance, duk inda suka gitta juna nan ne wurin haƙa, ko da taɓon ya kai gwiwa. Na'urar GPS ce ke kai mutum daidai wurin. Cibiyar binciken teku ta Holan, NIOZ, da ke tsibirin Texel, tun 2008 take wannan aiki a tekun Wadden duk shekara, wurare kusan 4,500, tsakanin kowane biyu mita 500, da ƙarin wasu da ake zaɓa ta hanyar ƙuri'a.

Kayan aikin ba su da wani tsada. Bututu ne mai faɗin baki kamar santimita 15. A kafa shi a tsaye, a danna da nauyin jiki har ya shiga santimita 20 zuwa 25, a toshe samansa don kada lakar ta zube, a girgiza, a zaro. Abin da ke ciki sai ya sulɓo a dunƙule kamar ɗanyen tubali. Samansa fari-fari ne ko ruwan ƙasa, amma yatsa ɗaya zuwa biyu a ƙasa sai ya koma baƙi ƙirin, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan wari na sinadarin salfaid ne, alamar iska ba ta isa can.

Kafin a tace, sai a yanke santimita 4 na sama a ware shi daban. Dalilin yana tafe.

Kowane kashi a zuba shi a rariya mai idon milimita 1, a kai ɗan tafkin da ruwa ya bari, a riƙa jujjuyawa a hankali. Ba a murzawa da hannu, don tsutsotsin teku saurin tsinkewa gare su, kuma in suka tsinke kawunansu kaɗai ake ƙirgawa, kada a mai da ɗaya uku. Lakar na zurarewa sai abin da ke raye ya bayyana: ƙumba farare ƙanana da ba su kai farcen yatsa ba, 'yan dodon koɗi kamar ƙwayar gero, jajayen tsutsotsi suna murɗewa, 'yar ƙaguwa ta ɗaga hannu tana neman faɗa, da saiwoyin ciyawa a cukurkuɗe. A juye su a leda, a jefa takarda mai lambar wurin a ciki, da fensir aka rubuta don ruwan gishiri yana wanke tawada. Masu ɓawo a sa su a ƙanƙara, tsutsotsi a jiƙa su a maganin hana ruɓa. A ɗebi 'yar laka daban don a auna girman ƙwayoyinta, saboda mazauna yashi dabam, mazauna taɓo dabam.

Aikin ɗakin gwaji ya fi na fili tsawo nesa ba kusa ba, kuma haƙuri kawai yake ci. Kowace halitta sai an gane irinta a ƙarƙashin madubi, an ƙirga, an auna tsawonta. Daga nan a ɓanɓare nama daga ɓawo, a busar da shi kwana biyu zuwa uku a zafin digiri 60, a ɗora a sikeli, a ƙone shi a tanderu mai zafi sama da digiri 500, a sake auna tokar. Abin da wuta ta cinye shi ne ainihin abincin. Tokar yashi ce da gishiri. A raba da girman filin bakin bututun, sai a san giram nawa ke cikin kowane murabba'in mita.

Sai dai abin da ke cikin laka dabam, abin da tsuntsu zai iya ci dabam. Ɗauki tsuntsun da masana ke kira Calidris canutus, wanda ke ƙyanƙyasa a Taimir ta arewacin Sibiriya, ya ya da zango a tekun Wadden, ya sauka Muritaniya. Bakinsa santimita 3 zuwa 4 ne, ga dalilin ware saman lakar: abin da ya fi haka zurfi, a wurinsa tamkar babu shi. Ƙumba yake haɗiyewa ɗungurungum, ƙundunsa ya niƙe, don haka wadda ta fi ƙarfin maƙogwaronsa ita ma a cire ta daga lissafi. Don a tabbatar da abin da yake ci, sai a bi bayan garken a tsinci kashinsa, a wanke, a nemi gutsattsarin mahaɗin ɓawo. Daga girman wannan ɗan guntu ake gane irin ƙumbar da girmanta kafin a haɗiye ta.

Da irin wannan tsince-tsince aka gano abubuwa manya. Ƙumbar da ta fi yawa a ƙarƙashin ciyawar Banc d'Arguin sunanta Loripes. A 2012 Tjisse van der Heide da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙwayoyin cutar da ke zaune a jikinta suna cinye salfaid ɗin nan mai wari, wanda guba ne ga ciyawar, ita kuma ciyawar tana sakin iska ta saiwoyinta don amfaninsu. A 2016 kuma Jan van Gils da tawagarsa suka nuna cewa a shekarun da ƙanƙara ta narke da wuri a Sibiriya, 'ya'yan tsuntsun kan tashi da ƙaramin jiki da gajeren baki. In sun iso Muritaniya bakin ba ya kaiwa ga Loripes, sai su koma cin saiwar ciyawa, kuma sun fi masu dogon baki mutuwa. Zafin da ya ƙaru a wata nahiya, a rariyar wata nahiyar aka ga illarsa. A Holan ma, irin waɗannan alƙaluma na cikin hujjojin da aka kafa a muhawarar da ta kai ga hana kwasar ƙumba da injin yasa a tekun Wadden daga 2005.

Duk wannan ba ya yiwuwa da zuwa ɗaya. Sai an koma wuri guda, a wata guda, da bututu iri ɗaya da rariya iri ɗaya, shekara bayan shekara, in ba haka ba babu mai iya cewa abu ya ragu ko ya ƙaru. Nijeriya ta ga amfanin haka. Nenibarini Zabbey na Jami'ar Fatakwal ya riga ya tace lakar rafin Bodo a ƙasar Ogoni kafin malalar mai da ta auku a wurin a 2008, shi ya sa bayan ɓarnar aka sami abin kwatantawa, aka nuna da lissafi yawan halittun da suka ɓace. Jami'o'inmu da hukumomin muhalli, daga gaɓar Legas zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, su ware kuɗin wannan awo a kasafin kowace shekara, su fara tun wuraren suna da lafiya.