Keɓe Lokaci da Ubangiji Kowace Rana

Karatu: Markus 1:29-39 da Fitowa 16:13-21



A makaranta irin tamu ƙararrawa ce ke yi wa ɗalibi kusan kome. Ita ke tashe shi, ita ke kai shi sujadar safe, ita ke kiransa taron FCS. Muddin yana cikin makaranta, ko bai so ba zai ji Maganar Allah sau ɗaya ko biyu a yini. To, ranar da babu ƙararrawa fa?

Mu mutanen wannan yanki mun ga irin wannan rana. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda cutar korona. A Disamba na shekarar, bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana. A Satumba na 2021 kuma aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, saboda matsalar 'yan bindiga. Wanda ya dogara ga ayar da ake turo masa ta waya, ya wayi gari babu ita. Da yawa cikinku kuma daga ƙauyuka kuke, inda Kirista ba su da yawa, mai bishara ɗaya ke zagaya majami'u biyu ko uku. A irin wannan hali, abin da mutum ya saba yi shi kaɗai tsakaninsa da Allah, shi ne zai riƙe shi.

Abin da Yesu ya yi

Ku lura da yadda Markus ya tsara labarin. Ranar Asabar ce a Kafarnahum. Yesu ya koyar a majami'a, ya warkar da surukar Bitrus, da rana ta faɗi kuma garin duka ya taru a ƙofar gida da marasa lafiya. Idan akwai wanda ya cancanci ya yi barci har hantsi, shi ne. Amma tun da sauran duhu ya fita zuwa inda ba kowa, ya yi addu'a. Abin da ya biyo baya ne mutane suka cika tsallakewa. Almajirai suka same shi da labarin cewa kowa na nemansa, shi kuwa ya ce su wuce garuruwan da ke gaba. Ya fito daga addu'a ya san aikin ranar, ya kuma san abin da zai ƙi yi ko da jama'a na so. Ɗalibin da bai taɓa zama shiru gaban Allah ba, duk abin da abokai suka ce shi zai bi.

Labarin manna kuma ya nuna dalilin da ya sa ake cewa kowace rana. Isra'ilawa na tsintarta da safe, in rana ta yi zafi ta narke. Waɗanda suka ɓoye ta don gobe suka tarar ta yi tsutsa ta yi wari. Wa'azin Lahadi, kome daɗinsa, ba zai kai ka Alhamis ba.

Lokaci da wuri

Ba doka ba ce sai da asuba, Daniyel ma sau uku yake durƙusawa a yini. Sai dai a ganina asuba ta fi, domin kai bai riga ya cika da surutu ba. Ba ma buƙatar agogo a garuruwanmu. Maƙwabtanmu Musulmi na tashi da kiran sallar asuba, su taɓa ruwan sanyi a tsakiyar hunturu, yara da manya. Wannan naciya abin koyi ce, kuma ba ta bar mana hujjar cewa tashi da wuri ya gagara ba.

Ka fara da minti 15. Wanda ya yi alkawarin awa biyu ran Litinin, yawanci kafin Juma'a ya daina. A ɗakin kwana mai cike da mutane, bakin gadonka da tocila ya isa, ko aji kafin sauran su shigo. A gida, zaure ko gindin dalbejiya a cikin gida. Kada wani ya ce zai kwaikwayi Yesu ya nufi daji ko kan dutse shi kaɗai cikin duhu. Zamanin da muke ciki bai yarda da haka ba, Allah kuma yana ji daga bayan rumbu. 'Yan mata da aikin gida ke jiransu tun da sassafe, shara da ɗebo ruwa da hura wuta, su zaɓi lokacin da aiki ya lafa, su riƙe shi kullum. Iyaye ma su taimaka, kada minti 15 ɗin nan ya zama lokacin aike.

Karatu

Kakanninmu ba su sami abin da muka samu ba. Sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan aikin shekaru da Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka yi. Yau ga shi a akwatin kusan kowane ɗalibi, wani ma ƙura ta rufe nasa.

Kada ka rufe ido ka buɗe duk inda hannu ya faɗa, kamar mai duba. Ɗauki littafi ɗaya ka bi shi daga fari har ƙarshe. Markus sura 16 ne. Karin Magana 31, ya yi daidai da kwanakin wata. Littafi Mai Tsarki duka sura 1,189 ne, mai karanta huɗu a rana zai gama kafin shekara ta zagayo, amma ga mafari ayoyi goma da aka fahimta sun fi sura huɗu da aka bi a guje. Littattafan taimako irin su Abincin Yini na ECWA suna da amfani ƙwarai, in dai ka fara karanta nassin kansa kafin bayanin. Na sha ganin masu karanta bayanin kawai su rufe. Wannan shan romo ne a bar nama.

Bayan karatu ka tambayi kanka: me wurin nan ya nuna mini game da Allah? Akwai zunubin da ya tona, ko alkawarin da zan riƙe? Me zan yi yau saboda shi? Rubuta amsar a ɗan littafi, layi biyu ko uku, da kwanan wata. Aya ɗaya a mako kuma ka haddace ta. Ruwan da madatsar Zobe ke tarawa da damina shi ake gani da rani. Haka haddar aya take ranar da babu littafi a hannu.

Sauraro

A nan ne yawancinmu ke da rauni. Muna zuwa da jerin roƙo, jarrabawa, kuɗin makaranta, rashin lafiyar Mama, mu zazzage, mu ce amin, mu tashi. Da haka muke yi wa mahaifinmu a gida, da an ce ba mu da tarbiyya. Bayan yabo da furta zunubi da godiya da roƙo, ka yi shiru na minti biyu ko uku, kana bimbini a kan abin da ka karanta. Iliya a Dutsen Horeb bai sami Ubangiji cikin iska ko girgizar ƙasa ko wuta ba, sai cikin 'yar murya marar ƙarfi. Sau da yawa abin da Ruhu Mai Tsarki zai kawo maka ba baƙon abu ba ne: sunan wanda ka ɓata wa rai jiya, littafin wani da ke akwatinka, ƙaramin ɗalibin da ake zalunta kana kallo.

Amma a yi hattara da kalmar "Allah ya gaya mini". Ba duk tunanin da ya zo cikin shiru ne muryar Allah ba. Wani saurayi zai ce Allah ya nuna masa wance ce matarsa, alhali ita ba a nuna mata kome ba. Wani zai ce an gaya masa ya bar karatu, zai ci jarrabawa ta bangaskiya. Allah ba ya saɓa wa rubutacciyar Maganarsa, wadda ta tsawata wa rago a fili. Ku tuna yaro Sama'ila bai gane mai kiransa ba sai da tsoho Eli ya fahimtar da shi. Duk abin da ya shafi aure, barin makaranta, tafiya ko kuɗi, kai shi gaban fasto ko dattijon ikilisiya ko malamin da ka amince da shi kafin ka ɗaga ƙafa.

Ranakun da ba a jin kome

Za su zo. Za ka karanta ka ji kamar kana tauna ƙaiƙayi. Ci gaba, manomi ba ya tone iri kullum don ya ga ko ya tsiro. In barci ke damunka, miƙe tsaye ka karanta da ɗan sauti. In hankalinka ya tafi ga wanki ko aikin lissafi, rubuta shi a gefen takarda ka dawo. In ka tsallake kwana biyu, kada kunya ta sa su zama wata biyu, ɗora daga inda ka tsaya.

Ga aikin dogon hutu. Kowane ɗalibi ya ɗauki Bisharar Markus, rabin sura a rana, kwana 32 ke nan. Wanda ke da kaka ko mahaifi da bai iya karatu ba, ya maimaita masa abin da ya karanta da Hausa bayan tuwon dare. Ku dawo da littattafan rubutunku a makon farko na sabon zango, mu duba su tare a taron FCS.